Kazar Goggo da Aka Riga Aka Wasa wa Wuƙa

An riga an ɗauko wuƙa lokacin da aka nuna mini kazar nan. Wake-wake ce, ta Goggo, a wani gida da ke bayan ganuwar Zariya, cikin watan Janairu, hunturu na kaɗawa. Kwananta huɗu da ƙyanƙyashe 'yan tsaki tara daga cikin ƙwai goma sha ɗaya, amma maimakon ta ja su zuwa tone-tone sai ta raɓe a gindin bango, gashi a tashe, ido rabi a rufe, jela tana kallon ƙasa. In an watsa mata tsaki sai ta duba ta kau da kai. Kashinta ɗan kaɗan ne, kore shar. Wannan koren kashi shi ya sa kowa a gidan ya yanke hukunci cewa fakat ce, annobar nan ta kaji, a yanka tun ba ta zama mushe ba.

Na ce, "Goggo, ku ba ni ita kwana uku. In ba ta ɗaga kai ba, ni da kaina zan kira mai yanka."

Ta ce, "Ɗan nan, kai da kajinka. Ɗauka, amma ka sani sabo da kaza ba ya hana yanka."

Abin da ya sa na yi shakkar fakat shi ne sauran kajin gidan, su goma sha biyu, suna kiwonsu lafiya. Fakat ba ta saba kama kaza ɗaya ta ƙyale sauran ba. In ta shiga gida, musamman da hunturu, cikin 'yan kwanaki za ka ga uku ko huɗu suna gyangyaɗi, suna buɗe baki suna jan numfashi, daga baya wasu wuya ya murɗe suna kallon sama. Koren kashi shi kaɗai ba hujja ba ce. Duk kazar da ta yi kwana biyu ko uku ba ta ci ba, ruwan matsarmama ne ke fita ba tare da abinci ba, sai kashin ya yi kore. Kaji da yawa sun sha wuƙa a kan wannan kuskure.

Kafin komai sai da na laluba ta, domin gashi yana ɓoye rama. Kaza tana iya zubar da kashi ɗaya cikin uku na jikinta ido bai gane ba, sai hannu. Ka ɗora yatsu a kan ƙashin ƙirji: a jikin mai lafiya tsoka ce ta cika gefe da gefe, a jikin wannan kuwa ƙashin ya fito kamar bakin wuƙa. A sikeli ba ta kai kilo ɗaya ba, alhali irin girmanta ya kamata ta kusa kilo ɗaya da rabi. Jakar abincin nan da ke gindin wuya ta wajen damanta, inda hatsi ke fara taruwa kafin ya gangara ƙundu, fayau take. Zankonta ya koɗe ya yi fari-fari. Na buɗe baki, babu majina, babu farin ƙurji, babu wari. Na latsa cikin a hankali tsakanin ƙafafu, babu ƙwai da ya maƙale, babu ruwa da ya taru. Da na ɗaga fiffike na hura gashin da ke kusa da dubura, sai ga ƙwarƙwata tana gudu, ƙwayayenta sun dunƙule a gindin gashi kamar an yayyafa gari. A gefen idanu kuma ga ƙuma baƙaƙe sun kafe.

Lissafin ya fito. Kaza mai kwanci tana kwana 21 a kan ƙwai, sau ɗaya take sauka a yini, wani lokaci ma ba ta sauka, ta ɗan tsattsaga ta koma. Dama can tana ramewa. In aka haɗa mata da ƙwari masu damun ta dare da rana a cikin tsohuwar sheƙa, ga tsutsar ciki da kusan duk kazar da ke kiwon sake take ɗauke da ita, ga sanyin asuba, to jikin ya kai inda ko sha'awar ci babu.

Na raba ta da 'yan tsakin, aka kifa musu kwando a ɗaki da tsumma da nasu abincin. Ita kuma na sa ta a kwali babba, na shimfiɗa tsohuwar jarida a ƙasa domin in riƙa ganin kashi, na ajiye a lungun da iska ba ta bugawa. Warewa tana da amfani biyu: in cutar mai yaɗuwa ce an tare ta, kuma kaji ba su da tausayin mara lafiya, saran ta za su yi ta yi su hana ta kusantar kasko.

Sai ɗumi. Zafin jikin kaza yana wajen digiri 41, ya fi na mutum nesa, kuma da abincin da take ci take riƙe shi. Wadda ba ta ci, sanyi ne ke gama da ita cikin dare. Na cika robar ruwa da ruwan zafi, na naɗe da tsumma, na jingina a gefe ɗaya na kwalin, yadda in ta ji zafi ya yi yawa za ta matsa. Ana sauya ruwan kafin a kwanta da kuma asuba. In ka ga ta buɗe baki tana haki ta saki fuka-fukai, zafin ya wuce kima. Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki kuwa kada a soma, hayaƙin da ba a gani yana kashe kaza tun kafin mutum ya ji ciwon kai.

Ranar farko ban ba ta abinci ba sam, ruwa kawai. A nan ne mutane suka fi yin gaggawa. Goggo ta riga ta gwada buɗe mata baki tana ɗura ƙwayar dawa, ta bi da ruwan barkono. Jikin da ya bushe ba ya iya narkar da busasshen hatsi, sai ya zauna a jakar wuya ya yi tsami. Yunwa tana ba kaza kwanaki, ƙishirwa ba ta ba ta. Haɗin da na yi shi ne irin ruwan gishiri da sukari da ake ba yara masu gudawa: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, cokalin shayi shida na sukari a shafe, rabin cokalin shayi na gishiri. Kada a ƙara gishirin da sunan ƙarfi, yawansa guba ne ga kaji, kuma kwana biyu ya isa, daga nan a koma ruwa zalla. A riƙa ba ta da ɗan ɗumi, kuma a zubar da ragowar kowace safiya a yi sabo.

Yadda ake ba da ruwan ya fi ruwan kansa muhimmanci. In ka buɗe bakin kaza ka leƙa, a gindin harshe daidai tsakiya akwai wata 'yar ƙofa da ke buɗewa tana rufewa. Hanyar numfashi ce. Hanyar abinci tana bayanta. Wanda ya ɗaga kan kaza sama ya kwarara ruwa, rabinsa huhu yake tafiya, ko ta ƙware nan take ko bayan kwana biyu ta fara numfashi da ƙyar ta mutu, a ce cuta ce ta kashe ta. Na fara da tsoma bakinta a murfin kwalba, ban bari ruwa ya kai hanci ba. Da ta ƙi, sai na naɗe ta da tsohon zane na ɗora a cinya, na ɗauki sirinji mai mili 5 wanda aka cire wa allura, ina ɗiga ɗigo biyu ko uku a gefen baki, in jira in ga maƙogwaro ya motsa, sannan in ƙara. Sirinji biyu a zama ɗaya, duk bayan awa biyu, daga safe zuwa isha'i. A jimla ta sha wajen mili 70 a ranar, wanda ya isa kaza mai nauyinta ta rayu. Da dare na ga kashin ya ɗan yi ruwa, farin da ke kansa ya dawo, alamar ƙoda ta samu abin aiki.

A yammacin ranar na barbaɗa mata hodar ƙwarin kaji mai sinadarin famatirin, wadda ake samu a shagon magungunan dabbobi, ƙarƙashin fuka-fukai da bayan wuya da kewayen dubura, na kare ido da hanci da tafin hannu. Ƙumar da ke gefen ido na shafe ta da basilin, ya toshe musu numfashi su zube da kansu cikin 'yan kwanaki. Sheƙar da ta yi kwanci aka ƙone ta, aka share akurki aka bi tsagogin bango da magani, domin akwai wasu jajayen ƙwari ƙanana da ke ɓuya a tsaga da rana su fito shan jini da dare. Ana maimaita hodar bayan kwana bakwai zuwa goma saboda ƙwayayen da za su ƙyanƙyashe. Na sha ganin masu shafa wa kaza kananzir ko fiya-fiya. Ƙwarin suna mutuwa, kazar ma sau da yawa tana bin su.

Rana ta biyu aka fara abinci. Na dafa ƙwai ɗaya ya yi tauri, na murje rabinsa, na haɗa da cokali biyu na abincin 'yan tsaki irin na buhu, na zuba ruwan ɗumi ya yi laushi kamar fate. Inda babu abincin buhu, kunun gero mai kauri ba yaji ba tsamiya ba kanwa yana maye gurbinsa, a ƙara ɗan dakakken busasshen kifi marar gishiri. Wasu suna jin wani iri a ba kaza ƙwai, amma babu abin da ya fi shi sauƙin narkewa a cikinta, kuma dafaffe ba ya koya mata fasa ɗanye. Dusa zalla ba abincin jinya ba ce, cika ciki take yi ba ta gina jiki.

Na ajiye a gabanta, na riƙa ƙwanƙwasa faranti da farce kamar yadda uwa ke kiran 'yan tsaki. Ta sara sau biyu ta bari. Don haka na koma ciyarwa da hannu: a mulmula abincin ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa, a danna gefen baki da babban yatsa da manuni ya buɗe, a ajiye ɗaya a kan harshe ta gefe, a saki bakin ta haɗiye da kanta. Mulmule goma a zama, sau huɗu a yini. Abinci mai ɗan kauri ya fi mai ruwa-ruwa aminci, domin ba ya zurarewa hanyar numfashi. Kafin kowane zama sai na taɓa jakar wuya. In ta kai girman lemun tsami a tsaya, in kuma na ɗazu bai ragu ba kada a ƙara.

Wannan ƙa'ida ta ƙarshe ita aka karya a rana ta huɗu. Yaran gidan sun ga ta fara karɓa, sai murna ta sa suka yi ta ɗura mata ragowar koko da tuwo har jakar ta cika tim. Da asuba na same ta a kumbure, laushi kamar balan-balan mai ruwa, bakin yana warin tsami, tana ta miƙa wuya tana karkaɗa kai. Jakar kaza mai lafiya da safe fayau take wayuwa, shi ya sa kafin a ba ta komai ake dubawa. In ta kwana a cike da tauri kamar dunƙulen ƙullu, toshewa ce, galibi doguwar ciyawa ko zare ko leda. In ta kwana da laushi da wari, abincin ne ya tsaya ya ruɓe.

Na dakatar da abinci yini guda cur, ruwa kaɗan-kaɗan kawai, ina murza jakar a hankali daga sama zuwa ƙasa na minti biyu, sau huɗu ko biyar. Akwai masu kama ƙafafun kaza su juyar da ita kai ƙasa su matse don ta amayar. Na ga wadda ta mutu a hannun mai ita a haka, domin ruwan yana fitowa ta baki ya koma huhu. In tsamin ya wuce kwana biyu bai sauka ba, likitan dabbobi yakan ba da nistatin, maganin da ake ɗiga wa jarirai masu farin baki, domin irin wannan ƙwayar ce ke yaɗuwa a ciki. Kafso ja da yalo da ake fasawa a ruwan kaji kuwa ƙara rura wannan matsala yake yi. Tata ta sauka da kanta washegari, muka koma rabin abin da take ci a da, muka riƙa ƙarawa sannu.

Tun da na ambaci kafso, bari in faɗi ra'ayina a kansa. A gidajenmu duk kazar da ta yi laushi maganinta ɗaya: kafso, ko farasitamol, ko jiƙon ɓawon maɗaci da barkono. Kafso yana aiki ne a kan wasu ƙwayoyin cuta kawai, irin masu kawo mura mai kumbura fuska ko farin kashi. Ba ya taɓa fakat, ba ya taɓa tsutsa, ba ya taɓa ƙwarƙwata. Kashin jini, wanda ya fi kama matasan kaji da damina, nasa maganin daban ne, amfuroliyam, kwana biyar zuwa bakwai, kuma ba a haɗa shi da bitamin a lokaci guda domin bitamin B1 yana karya aikinsa. Maɗaci kuwa ɗacinsa yana sa kazar da dama ba ta son sha ta ƙaurace wa kasko gaba ɗaya. Ga wani abu da ba a cika lura da shi ba: maganin da aka rubuta a zuba a ruwan sha an auna shi ne da kazar da ke shan ruwa sosai. Wadda ke kurɓa sau biyu a yini ba ta samun ko kwatansa, don haka a irin wannan hali sai a tambayi likita adadin da ya dace da nauyinta a ba ta kai tsaye.

Maganin tsutsa sai rana ta shida na ba ta, da ta fara tsayawa da ƙafafunta. Ba a ba kazar da ta galabaita tun ranar farko, jikinta ba zai ɗauka ba. Fiferazin shi ya fi araha, amma doguwar farar tsutsa kawai yake fitarwa, ba ya kashe mai faɗin nan mai gaɓa-gaɓa da kaji ke ɗauka daga tururuwa da ƙudaje da buzuzu. Likitan da na tuntuɓa a Samaru ya zaɓa mata albendazol daidai nauyinta, ya ce a maimaita bayan mako biyu, a ba sauran kajin ma. Washegari jaridar da ke ƙasan kwalin ta nuna aikin: tsutsotsi farare, wasu sun kai tsawon yatsa. Na kai wa Goggo ta gani.

Ta riƙe haɓa ta ce, "Ikon Allah! Ashe abin da ke cinye mini hatsi ke nan."

Abin da ya buɗe mata ciki a ƙarshe gara ce. An cusa busasshiyar kashin shanu da karmami a tsohuwar tukunya, aka yayyafa ruwa, aka kife a bakin suri da yamma, da safe aka ɗauko ta cike. Kaza tana bin abin da ke motsi ko da ba ta jin yunwa. Da aka zazzage a gabanta sai ta karkata kai ta zuba ido ɗaya, ta sara, ta sake sara, ba ta ɗago ba sai da ta share farantin. Daga ranar na daina ba ta da hannu. Na riƙa sa mata jiƙaƙƙen abinci sau uku, ɗan yankakken ganyen zogale, nunanniyar gwanda, da tsakin gero wanda ya kwana a ruwa. A gefe kuma yashi mai tsakuwa-tsakuwa, domin kaza ba ta da haƙori, da tsakuwar da ke ƙundu take niƙa, kuma wadda ta daɗe a kwali tsakuwarta ta ƙare. Duk abin da ya rage a faranti bayan awa biyu a zubar, jiƙaƙƙen abinci saurin lalacewa gare shi. Masara ko ƙuli-ƙulin da ya yi fumfuna kada ya kusance ta, dafin da ke ciki hanta yake ci. Haka tsutsar da ta fito daga mushe, tana kawo shanyewar wuya.

Ma'aunin da na riƙe shi ne gwangwanin madara. Kazar gida mai lafiya takan ci kusan cikinsa a yini, wato giram 80 zuwa 100, ta sha ruwa kamar ninki biyu na haka, fiye ma da bazara. Ranar da ta cinye rabin gwangwani da kanta na san an tsallake.

Ba kowace ake tsallakewa da ita ba, kuma ba kowace ya kamata a yi jinya ba. Da a ce na ga wuya ya murɗe, ko ƙafafu sun shanye, ko ciki ya cika da ruwa tana tafiya kamar agwagwa, da ban hana Goggo wuƙarta ba. Haka in kwana uku sun wuce ana ba da ruwa da ɗumi ba ta ko buɗe ido. Sai dai wadda aka riga aka ba magani ba a cin namanta ko ƙwanta sai kwanakin da aka rubuta a jikin maganin sun cika. In kuwa kaji suna faɗuwa biyu-uku a dare ɗaya, kai a kumbure, zanko ya yi shuɗi, ƙafafu da jan tabo kamar an ƙona, to wannan ya fi ƙarfin jinyar gida kuma ya fi ƙarfin tukunya. Alamun murar tsuntsaye ke nan, wadda aka fara tabbatar da ita a Najeriya a jihar Kaduna cikin Fabrairun 2006, kuma tana iya kama mutum. Kada a yanka, kada a kai kasuwa, kada yara su taɓa, a sanar da ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma, mushen kuma a binne shi da zurfi. Ko a jinyar yau da kullum ma, a fara ba masu lafiya abinci kafin a je wurin mara lafiya, sannan a wanke hannu da sabulu.

Tun da hankalin gidan ya tashi a kan fakat, na yi amfani da damar aka yi wa sauran kajin rigakafi. Akwai wanda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato ke yi, mai suna I-2, wanda ya fi sauran jure zafi, ɗigo ɗaya a ido ga babba da ƙarami, a maimaita duk wata huɗu. Dacewa shi ne a yi kafin hunturu ya shigo. Ita mara lafiyar ba a yi mata ba sai da ta murmure, domin rigakafi ba ya kama jikin da ke fama.

Rana ta tara na fitar da ita hantsi, na kife ta da babban kwando a tsakar gida yadda sauran za su gan ta ba su taɓa ta ba. Kwana biyu ana haka, domin kazar da ta yi mako ba ta cikin garke baƙuwa ce a wurinsu, sai sun sake sara don a san babba. A dare na biyu aka mayar da ita akurki bayan duhu ya yi. 'Yan tsakin ba ta karɓe su ba, ta manta da su, Goggo ce ta ƙarasa renonsu a kwando, bakwai suka rayu. An haƙa mata rami a gefen bango aka cika da toka da yashi, a nan take birgima kowace azahar. A mako na uku sikeli ya nuna kilo ɗaya da giram ɗari biyu, zanko ya fara ja. Ƙwai kuwa sai da ta shafe kusan wata biyu kafin ta sake yi, a cikin tsohon kwandon da aka reni 'ya'yanta.